Waiwaye: Yadda Aka Koyi Karanta Furotin Daga Gutsattsarinsa

Furotin jerin amino asid ne da ke bin juna kamar duwatsun carbi, gajeren jeri kuma shi ake kira feptayid. A 1950 Pehr Edman ya fito da hanyar cire amino asid ɗin ɗaya-ɗaya daga bakin jerin, amma aikin yana cin lokaci, kuma in bakin a toshe yake, shi ke nan. Klaus Biemann na jami'ar MIT a Amurka ya bi wata hanya tun ƙarshen shekarun 1950: a fasa feptayid, a auna nauyin gutsattsarin a na'ura. Tazarar nauyi tsakanin gutsure biyu maƙwabta ita ke faɗin amino asid ɗin da ya raba su. Misali, in tazarar 57 ce a ma'aunin nauyin ƙwayoyin zarra, amino asid ɗin gilaisin ne.

Na'urar ba ta auna sai abin da ya tashi sama kamar gas yana ɗauke da cajin lantarki, don haka sai da aka sha wahalar tayar da feptayid sama yana ɗauke da caji bai lalace ba. Michael Barber ya buɗe ƙofa a Manchesta a 1981, sannan aikin John Fenn da Koichi Tanaka ya kai su ga lambar Nobel a 2002.

A 1984 Roepstorff da Fohlman suka raɗa wa gutsattsarin suna. Waɗanda suka riƙe farkon jeri su ne a, b, c, masu riƙe ƙarshe kuma x, y, z. Idan aka gwara feptayid da iskar gas, b da y ne suka fi fitowa. A ganina, babban ci gaban shi ne gano dalilin hakan. Ƙungiyar Vicki Wysocki ta nuna a 1996 cewa furoton (ba furotin ba), wato ƙanƙanin ƙwayar da ke ɗauke da cajin, yana yawo a kan jerin, inda ya sauka haɗin ya yi rauni ya tsinke. Shi ya sa feptayid mai amino asid ɗin arjinin, wanda ke ƙanƙame furoton, yake da taurin fashewa, yayin da haɗin da ke zuwa kafin amino asid ɗin furolin yake saurin ballewa.

Gwarawa da gas tana da hasara: fosfet, alamar da ke kunna ko kashe aikin furotin a cikin ƙwayar halitta, yakan faɗi kafin a san inda yake. A 1998 Zubarev da Kelleher da McLafferty a jami'ar Cornell suka harba wa feptayid ilektiron, aka samu c da z; daga baya aka ga cewa ta wannan hanya fosfet yana nan daram. Ɗakin binciken Donald Hunt a Bajiniya ya sauƙaƙa dabarar a 2004. Amino asid ɗin lusin da aisolusin dai nauyinsu ɗaya ne, 113, sai an ƙara fasa reshensu, wato ɓangaren da ya fito gefen jerin, kafin a bambance su.