Ƙashin Goronyo da ke kwance a Italiya

Duk ɗan Birnin Kudu ya san Dutsen Habude da Dutsen Mesa, zanen shanun nan na jikin dutse da Bature Bernard Fagg ya rubuta labarinsu tun shekarun 1950. In aka kawo 'yan makaranta ziyara sai ka ji wani ya ɗaga hannu, malam ina ƙashin dainoso? To babu, kuma ba za a samu ba, don duwatsunmu narkakken dutse ne da ya huce a ƙarƙashin ƙasa, ƙashi baya zama a irinsa. Sai inda laka da yashi suka binne dabba, ruwa ya yi ta ratsa ƙashin yana barin ma'adinai har ya koma dutse.

Irin wannan ƙasar tana Sakkwato. Masana sun ce wajen shekara miliyan 70 baya teku ne ya shafe yankin nan. A 1930 wani masani a Landan mai suna Swinton ya yi rubutu kan ƙasusuwan da aka kwaso daga can, daga baya wajen 1970 'yan Jami'ar Fulorans ta Italiya suka zo suka tono ƙoƙon kan wani ƙaton ƙadangaren teku a yankin Goronyo, a 1972 aka raɗa masa suna Goronyosaurus. Sunan garinmu na Hausa ne a jikinsa amma kan yana gidan tarihin jami'ar can, kai ina ga ko mutum goma a Goronyo basu taɓa ganin hotonsa ba.

Nijar ma kusan haka. Faransawa irin su Philippe Taquet suka fara tono a Gadufawa cikin sahara a shekarun 1960, sai Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya biyo baya, shi ya sa wa Nigersaurus suna a 1999, dainoson nan mai haƙora fiye da 500. Su dai sun fi mu, a gidan tarihin Boubou Hama na Yamai yaro zai tsaya gaban ƙwarangwal ya gani da idonsa, duk da dai ƙasusuwa da yawa suna Amurka ana maganar dawo da su.

Mutane suna cewa kwashe ƙasusuwan nan zuwa waje sata ce kawai, ni ina ga akwai gaskiya ciki amma ba ita kaɗai ba ce, tono shi ne mai sauƙi, riƙon ne aiki. Ƙashin da ya kwana miliyoyin shekaru a ƙasa da ya sha iska sai ya fara tsagewa, shi ya sa tun a ramin ake shafa masa gam mai ruwa-ruwa ya shige cikin tsagar, a lulluɓe shi da takarda, a naɗe da tsumman buhu da fulasta kamar ɗaurin karaya a asibiti, a ɗaga shi da ƙasar jikinsa gaba ɗaya. A ɗakin bincike kuma mutum ɗaya zai zauna wata da watanni da ɗan tsinken ƙarfe da buroshi yana cire dutse kaɗan kaɗan. Sannan ɗakin ajiya, in da danshin damina wani ƙashin rugurgujewa yake, ga ƙurar hunturu, ga wutar da ba ta tsayawa. Abin da ma da yawa basu sani ba, wanda ake kafawa a zauren kallo sau tari kwafi ne aka zuba aka ɗora a kan ƙarafa, na ainihin yana cikin durowa da lamba a jikinsa. Kan Nigersaurus saboda rashin kauri sai da aka yi masa sikanin a asibitance aka haɗa shi a kwamfuta.

Kwalekwalen Dufuna a Yobe ba ƙashi ba ne amma darasin ɗaya ne. Bafulatani mai haƙa rijiya ya ci karo da shi a 1987, bai fasa ba ya kai rahoto, sai 1994 Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot a Jamus suka yi tono a wurin, ya kai shekara 8,000, aka tsoma shi a magani kar ya bushe ya tsage, yanzu yana Damaturu.

Jami'ar Tarayya ta Dutse tun 2011 aka buɗe ta, ga Bayero a Kano. Ko ba a dawo da kan ƙadangaren Goronyo yanzu ba, kwafinsa fa ana iya nema, shi baya tsoron danshi, ɗaki ɗaya da akwatin gilashi sun ishe shi, motar makaranta daga Birnin Kudu zuwa Dutse kuwa ko awa ɗaya bata yi.