Ƙananan eriyoyin zinare da ke taya hasken infared gano sinadarai: tambayoyi da amsoshi

Me ya haɗa hasken infared da gano sinadari?

Atom-atom ɗin da suka haɗu suka yi molekul kullum cikin karkarwa suke, kuma kowane irin haɗi da nasa saurin. Idan hasken infared (wani haske da ido ba ya gani) da ya dace da wannan saurin ya ratsa samfur, molekul ɗin sai ya shanye shi. Mai bincike ya duba wane ɓangaren hasken ne ya ragu, daga nan ya gane abin da ke ciki. Furotin, alal misali, yana shan haske mai tsawon zango kusan maikromita 6 (maikromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita).

To ina gizo ke saƙa?

A wajen girma. Maikromita 6 nanomita 6,000 ke nan, alhali furotin guda bai wuce 'yan nanomita ba. In samfurin na da yawa, babu damuwa. In kuwa shimfiɗa ɗaya ce tak ta molekul, hasken zai wuce kusan yadda ya zo.

Wace irin farfajiya ake ƙerawa don magance wannan?

Ana jera 'yan sandunan zinare a kan faranti, kowace tsawonta maikromita ɗaya zuwa biyu, faɗinta kusan nanomita 100. Eriya ce sak irin ta rediyo, sai dai an yanka ta daidai zangon infared. Da haske ya sauka, elektron ɗin cikin sandar sai su shiga kai da komo daga wannan baki zuwa wancan, ƙarfin ya tattaru a bakunan biyu, ya fi tsananta a 'yar ratar da ke tsakanin sanda da sanda. Molekul ɗin da ya zauna a wannan gurbi yana jin hasken sosai da sosai.

Abin lura, farfajiyar ba ta ƙara ko ɗigon haske. Tattara shi take yi ta kai inda ake buƙata, kuma a ɗan tsukin nanomita goma-goma daga jikin zinaren ƙarfin ke nan, da an yi nisa ya dusashe. Wannan dabara ce ake kira SEIRA, wato ƙarfafa shan infared da taimakon farfajiya.

Sabon abu ne?

A'a. Wani masani mai suna Hartstein da abokan aikinsa a kamfanin IBM sun ga alamarsa a 1980 da siririn rufin ƙarfe. Amma can barbashin ƙarfen a warwatse yake, ba a iya tsara shi. A 2008 masu bincike a Jami'ar Heidelberg ta Jamus suka nuna cewa eriyar zinare da aka auna tsawonta na iya ƙara siginar fiye da sau 100,000. A kula dai: lissafin na molekul ɗin da ke gurbin ne kawai, ba na samfurin duka ba.

Dole sai zinare?

Ko kaɗan. Ƙungiyar Hatice Altug a jami'ar EPFL ta Suwizalan ta yi amfani da girafin (shimfiɗar kabon mai kaurin atom ɗaya) a 2015, wanda ake sauya zangonsa da ƙarfin lantarki. A 2018 kuma suka fito da farfajiyar silikon da aka raba gida-gida, kowane gida da zangonsa, yadda hoton kyamarar infared zai nuna sinadarin ba sai an nemi babbar na'urar tace haske ba. A ganina nan ne fatan samun ƙaramar na'ura yake.

Me ya hana ta shiga asibitoci?

Ruwa yana shan infared daf da inda furotin ke sha, ga shi jini da sauran ruwan jiki galibinsu ruwa ne. Zana sandunan da harbin elektron kuma aiki ne mai jinkiri, shi ya sa ake gwada buga su da hatimi. Sannan dole sai molekul ya sauka daidai gurbin, don haka ake shafa wa zinaren abin da zai cafke furotin ɗin da ake nema shi kaɗai. Da wannan hanya ake ƙoƙarin bambance furotin mai lafiya da wanda ya naɗe ba daidai ba, irin wanda ake alaƙantawa da cutar Parkinson.