Fizgar mota daga tsaye da lafiyar kuloci: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun da yaran nan suka fara shigo da motocin gudu masu giyar hannu daga Kwatano, su Nissan 350Z da Mustang da tsofaffin BMW, ban huta ba a garejina nan Birnin Kebbi. Tambayoyin guda ne safe da yamma, har bakin masallaci ana tare ni. To ga su na rubuta, wanda ya sake tambaya sai in nuna masa wanga.

Mi ya sa kulocina ke wari in na fizgi motar?

Don ka ƙona shi mana. Fatar faifan ce ke toyewa saboda ka riƙe ƙafa a tsakiya inji na ta ihu. Sau ɗaya ba zai kashe shi ba, kwantar da hankalinka, ka yi tuƙin hankali ya huce. Amma kar ka ce bari in ƙara gwadawa nan take.

Laifi ne in ɗora ƙafa kan kuloci ina cikin tafiya?

Laifi ne. Akwai wurin aje ƙafa a hagu, ba don ado aka yi shi ba. Nauyin ƙafarka kaɗai ya isa ya cinye boris ɗin kuloci.

In na tsaya a danja fa?

Sa ta firi ka ɗaga ƙafa. In hawa ne ja hanbirki, kar ka riƙe mota da kuloci.

Oga, a rpm (juyin inji a minti ɗaya) nawa zan saki kuloci in ina son ta tashi da ƙarfi?

Wagga ita ce wadda kowa ke son in ba shi lamba ɗaya ya tafi, kuma duk wanda ya ba ka lamba ɗaya bai san motarka ba. Mustang GT mai inji V8 lita 5.0 ƙarfinta tun daga ƙasa yake, tsakanin 2,000 da 3,000 yakan wadatar, in ka wuce nan hayaƙin taya kawai za ka yi kana tsaye wuri ɗaya. Honda S2000 ta farko kuwa, wadda injinta ke kaiwa 9,000, ba ta da ƙarfi a ƙasa, in ka sake ta a 2,500 sai ta yi lakwas kamar jakin da aka yi wa lodin shinkafa ya wuce kima. Subaru WRX STI kuma wani babi ne daban, tayoyinta huɗu duk suna ja, ba mai zamewa, saboda haka duk bugun da taya za ta sha a wata motar, a ita kuloci da giya ne ke sha, shi ya sa nake ce wa masu ita su fi kowa tausasa ƙafa.

Sannan ba motar kaɗai ba ce. Kwaltar da rana ta gasa a watan Afrilu daban, kwaltar da hunturu ya shimfiɗa wa yashi daban, lambar da ta yi maka jiya yau tana iya ba ka kunya. Ga tayar Baljiyam da kuke sawa, ka duba lambobi huɗun nan da ke gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, in ka ga ta haura shekara shida robar ta bushe ba abin da za ta kama.

Yadda ni nake yi dai, kuma ban ce dole sai haka ba: sai inji ya yi zafi tukuna, giya ta ɗaya, in riƙe totur a lamba ta ƙasa-ƙasa, in ɗago ƙafa zuwa inda kuloci ya fara kamawa, daga nan in sake shi da sauri amma ba wurgarwa ba, abin da bai wuce daƙiƙa ɗaya ba ko kusa da haka, kuma ba na taka totur har ƙasa sai ƙafar hagu ta bar kuloci gaba ɗaya. In inji ya yi sanyi kamar zai mutu, ƙara 300 ko 500 a gwaji na gaba. In taya ta yi ta juyi banza, rage. In kuwa allurar rpm ta haura mota ba ta tafi ba ga wari, to ba lamba ce matsalar ba, ƙafarka ce ta ƙi sauka. Taya ta ɗan zame kaɗan ya fi min sauƙi a kan kuloci ya zame, don canza taya ba ya buƙatar a sauke giya.

Abu ɗaya ne ba na sassauci a kansa. In bayan motar ya fara tsalle yana daf-daf-daf, ɗaga ƙafa daga totur nan take. Wani yaro ya taɓa kawo min tasa a bayan mota shaf ɗin da ke juya taya ya karye biyu, wai ya ɗauka ƙarfi ne motar ke nunawa. Zame ƙafa gefe kuloci ya faɗo da kansa ma haka yake haifarwa. Kuma tsakanin gwaji da gwaji ka zaga da ita ta sha iska, biyu ko uku a rana sun isa.

Tawa tana da kwamfutar tashi, ba shi ke nan ba?

Mustang GT tun ta 2015 tana da ita, e. Rpm take riƙe maka, ƙafar hagu har yanzu taka ce, kuma faifan ci zai yi.

Ta ya zan gane kuloci ya ƙare?

Kana tafiya kamar kilomita 60, sa giya ta biyar ka taka totur. In allura ta haura gudu bai ƙaru ba, ya tafi. Kawo ta kafin ya cinye filawil, wato ƙarfen da faifan kuloci ke mannewa a jikinsa, don mai hawa biyun nan da BMW ke zuwa da shi yakan fi kulocin kansa tsada.

Na sa sabo jiya, zan iya gwadawa yau?

Haba ƙanena. Ka ba shi kamar kilomita 800 na tuƙin cikin gari, tsaya-tashi, ya zauna. Zuwa Jega ka dawo a giya ta shida ba ya cikin lissafi, ba ka taɓa kulocin ba ai.

Kuloci na maƙalewa a ƙasa in mota ta yi zafi, ya ƙone ne?

Ba lallai ba, kar ka firgita. Sau da yawa man ne. Man birki ne a ciki, DOT 3 ko DOT 4, yana shan ruwa daga iska, in ya tsufa sai ya tafasa, a canza shi duk shekara biyu kuma kar wani ya zuba maka DOT 5. In Nissan 370Z ce kuma man sabo ne, to ƙaramin famfon da ke cikin gidan giya nake zargi, wannan sai an sauke giya.

Za ka zo ka nuna mana ranar ɗaurin auren abokinmu?

Ba zan zo ba. Titi cike da 'yan kabu-kabu da yara kuna wasan mota, in sitiyari ya ƙwace wa za ka ba haƙuri? Ku nemi fili mai kwalta da babu kowa, da izinin mai shi.

Nawa ne sabon kuloci?

Kawo motar in gani. Ba na faɗin kuɗi a waya, dala ba ta zauna wuri ɗaya ba.