Komawa gudu bayan rauni da tiyata

Komawa gudu bayan tiyata wani mataki ne na jinya da wanda aka yi wa aiki a gwiwa, ko idon sawu, ko agara, ko ƙashin ƙafa yake bi sannu a hankali, tun daga taka ƙasa da sandar dogarawa har ya kai ga sassarfa, daga nan kuma zuwa cikakken gudu. Likitan ƙashin da ya yi aikin ne yake ba da izinin farawa, amma yawancin ɗawainiyar tana hannun ma'aikatan gashin ƙashi, irin waɗanda ake samu a Accra a asibitin koyarwa na Korle Bu da asibitin sojoji na 37.

Abin da ya fi ruɗar majinyata shi ne cewa fata tana riga abin da ke ciki warkewa. Ana cire zaren ɗinki bayan kamar mako biyu, tabo ya bushe, mutum ya ɗauka ya samu lafiya, alhali ƙashin da ya karye yana bukatar mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗu, jijiya kuwa ta fi haka jinkiri. A aikin da ake yi wa jijiyar da ta gitta a tsakiyar gwiwa, wadda 'yan ƙwallo suka fi tsinkawa, likita yakan yanko wata jijiya daga bayan cinya ko daga ƙasan ƙoƙon gwiwa ya dasa a madadinta, kuma wannan dashen yakan yi rauni a watannin farko kafin ya sake ƙarfi, daidai lokacin da zafi ya ragu mutum yake jin kamar ya tashi da gudu. Shi ya sa ba a cika barin mai irin wannan aiki ya fara sassarfa kafin wata 3 ba, wasan da ake juyi da birki a cikinsa kuma sai bayan wata 9 zuwa shekara. Michael Essien, ɗan ƙwallon Ghana, wanda ya tsinke wannan jijiya a wasan Ghana da Libiya a watan Satumba na 2008, ya dawo fili a watan Maris na 2009, amma shi ƙwararre ne da likitocin Chelsea suke kansa kullum, kuma kuskure ne matashin da ke buga ƙwallo a filin Kawukudi na Accra ya auna kansa da shi. Wanda aka ɗinke wa agara yakan jira wata 4 zuwa 6, wanda aka rage wa guringuntsin gwiwa kawai kuwa yakan koma cikin makonni.

Ƙidayar watanni ita kaɗai ba ta wadatar. Duk takun da mai gudu ya yi, ƙafa ɗaya ce take ɗaukar nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu zuwa uku, ga shi kuma tsokar cinya tana ramewa da sauri idan an daina amfani da ita. Don haka kafin a ba da izini ana duba ko gwiwa tana miƙewa sarai, ko kumburi ya saɓe, ko mutum yana iya tafiyar rabin awa ba ɗingishi, sannan a gwada ƙarfin cinyar da aka yi wa aiki, wanda ake so ya kai kusan kashi 70 cikin 100 na ɗayar kafin sassarfa, da kashi 90 kafin komawa wasa.

Farawar kanta ba ta da armashi. Ana sassarfa ta minti ɗaya, a yi tafiya minti biyu ko fiye, a maimaita na ɗan lokaci, sannan a huta washegari. Ana ƙara tsawon lokaci tukuna kafin a ƙara sauri, ba a haɗa su a mako ɗaya. Safiyar da ta biyo baya ita ce alƙali: idan gwiwa ta kwana ta kumbura, ko ta sage, ko ɗingishi ya dawo, sai a koma matakin da aka baro. Ciwo da kumburin sharaɓa, musamman in sun zo da haki ko ciwon ƙirji, ko zazzaɓi da ruwa daga wurin ɗinki, waɗannan ba na jira ba ne, na asibiti ne nan take.

Wurin gudu ma yana da nasa hukunci. Lungunan unguwannin Nima da Mamobi na Accra, da kwatocinsu a buɗe da babura masu kutsowa, suna tilasta wa mutum tsalle da kaucewa, abin da sabuwar jijiya ba ta so. Fili shimfiɗaɗɗe ya fi, kamar zagayen mita 400 na filin wasan jami'ar Legon. Hawan dutsen Ayi Mensah zuwa Peduase a wajen Accra, da masu motsa jiki suke cika a ƙarshen mako, gara a bar shi zuwa can gaba, domin gangarowa ta fi hawa wahalar da gwiwa. Saboda zafin garin, da yawa sukan fita bayan sallar asuba.

Akwai kuma abin da littattafan likitanci ba su cika kawowa ba, wato sujada da zaman tahiya, waɗanda suke bukatar gwiwa ta lanƙwashe har ƙarshe. Mai jinya yakan yi makonni ko watanni yana salla a kan kujera, kuma ba abin mamaki ba ne a ga wanda ya soma sassarfa amma har yanzu bai iya zama a kan dugadugansa ba. Maɗoran gargajiya, da ake yawan zuwa wurinsu a unguwannin zango idan an samu karaya ko targaɗe, ba sa iya haɗa jijiyar da ta tsinke a cikin gwiwa, kuma murza ƙafar da aka sa wa ƙarfe ko aka yi wa dashe ba da sanin likita ba yana iya ɓata aikin.