Kafiretar tsohon babur: wanki da sake haɗawa

Kafireta ita ce na'urar da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga silinda su ƙone. Ainihin aikinta ba ya buƙatar lantarki. Fistin ne ke zuƙo iska, iskar ta bi ta wata ƙuntatacciyar hanya, gudunta ya ƙaru, matsinta ya ragu, sai fetur ya taso ta ƙananan ramuka ya fesu a cikinta. A lissafi, kilo ɗaya na fetur yana buƙatar kimanin kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone tsaf, ko da yake inji mai sanyi yana son fetur fiye da haka, dalilin cok ke nan, wato abin da ake ja domin ƙara yawan fetur a haɗin.

Tarihi

Ka'idar da kafireta ta dogara a kai tana ɗauke da sunan Giovanni Battista Venturi, masanin Italiya da ya wallafa bincikensa a kan gudun ruwa a 1797. Injunan fetur na farko sun yi amfani da wata dabara mai sauƙi, inda iska ke bi ta saman fetur ta kwashi tururinsa. Kafireta mai feshi ta kankama ne a wajajen 1893, shekarar da Wilhelm Maybach ya fito da tasa a Jamus, János Csonka da Donát Bánki kuma suka yi rajistar tasu a Hungari. Wasu na ba Edward Butler na Ingila wannan fifiko. Ba a daidaita a kan wanda ya riga ba.

A fagen babura, sunan kamfanin kafireta na Amal da ke Birmingham, wanda aka kafa a ƙarshen shekarun 1920, shi ya mamaye baburan Ingila irin su Triumph, BSA da Norton. Samfurinsa Monobloc ya fito a tsakiyar shekarun 1950, Concentric ya biyo baya a wajajen 1967. A Italiya akwai Dell'Orto tun 1933, a Jamus kuma Bing, wanda aka fi sani a kan baburan BMW. Da Japan ta karɓe kasuwa, Mikuni da Keihin suka zama ruwan dare. Honda CB750 na 1969 ya zo da silinda huɗu, kowace da kafiretarta, kuma irin wannan tsari ya ƙara wa makanikai aikin daidaita su. Abin burgewa a yawancin waɗannan na'urori shi ne an ƙera su domin a kwance, a wanke, a mayar, shi ya sa da yawa suke aiki har yau.

Sassa

A ƙasa akwai ƙoƙon da fetur ke taruwa, da fulot mai iyo a kansa wanda ke tura 'yar allura ta toshe hanya idan ya cika. Jet ƙaramin bututu ne mai ramin da ke ƙayyade yawan fetur: silo jet na ciyar da inji lokacin da totur ke rufe, babban jet kuma idan an buɗe shi sosai. Tsakaninsu doguwar allura ce mai tsini ke iko. Wasu kafiretocin na da faifan roba a sama wanda zuƙar iska ke ɗagawa.

Abin da ke lalata ta

Ajiya ta fi tafiya cutar da kafireta. Fetur da ya kwana watanni a ƙoƙo yana bushewa ya bar wani danƙo ruwan kasa mai wari, wanda ke fara toshe silo jet domin raminsa bai kai kaurin allurar ɗinki ba. Alamar ita ce babur ya ƙi tsayawa a silo sai an ja cok. Tsatsar tanki na bin tiyo ta maƙale a bakin allurar fulot, fetur ya riƙa tsiyaya. Fetur mai haɗin itanol kuwa yana jan danshi, yana kuma cin tsohuwar roba.

Wanki

Ana rufe makunnin fetur, a zubar da na ƙoƙo, a yi aikin a fili nesa da wuta. Kafin a cire sukurun saitin silo, akan murɗa shi ciki a hankali har ya taɓa, ana ƙirga juyin, domin a san inda za a mayar da shi. A babura da yawa yakan kama tsakanin juyi ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. Idan aka matse shi da ƙarfi, tsininsa na iya karyewa a cikin rami. Kan sukurorin baburan Japan ya yi kama da na Phillips mai gicciye amma ƙa'idarsa JIS ce, wato ta masana'antun Japan, shi ya sa sukuddireban da bai dace ba ke cinye su.

Duk abin roba ana ware shi gefe, domin maganin wanki mai ƙarfi na kumbura shi. Jet-jet na tagulla ne mai laushi, kuma zura musu wayar ƙarfe na faɗaɗa ramin, babur ya koma shan mai da baƙin hayaƙi. Jiƙawa ake yi, a fesa magani, a hura iska mai ƙarfi, sannan a ɗaga jet ɗin wajen haske: sai an ga ramin a zagaye, ba tabo, sannan ya wanku. Hanyoyin da aka huda a jikin kafiretar kanta su ne aka fi mantawa, kuma su ne sukan sa a kwance aiki sau biyu. Wasu na amfani da na'urar wanki mai girgiza ruwa.

Sake haɗawa da saiti

Akan sauya gasket, zobban roba da allurar fulot idan wuyanta ya yi zobe. A kan jet ɗin da ke zuwa cikin kayan gyara na kasuwa akwai saɓani. Makanikai da dama sun fi yarda da na asali idan bai lalace ba. Tsayin fulot ana auna shi ne da adadin da littafin babur ɗin ya bayar. Sai a duba robar da ke haɗa kafireta da inji, domin tsagewa kaɗan na shigar da iskar da za ta ɓata duk wani saiti. Ana saita silo bayan inji ya yi zafi. Fulogi mai launin ƙasa-ƙasa na nuna haɗi ya yi daidai, baƙi mai kunkunniya fetur ya yi yawa, fari kuma ya yi kaɗan, wanda ke iya ƙona bawul ko fistin. Idan kafiretocin sun fi ɗaya, ana daidaita su da ma'aunin zuƙar iska.

A yau

Kawasaki ya fitar da babur mai injekta (na'urar da ke fesa fetur da matsi a maimakon kafireta) a 1980, kuma dokokin hayaƙi sun sa yawancin sababbin manyan babura sun bar kafireta.