Rukunin Adireshin Imel

Rukunin adireshin imel tsari ne da ke bai wa mai aika saƙo damar tara adireshin mutane da yawa ƙarƙashin suna ɗaya, ta yadda ba sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa ba. Sunan rukunin kawai zai sa a gurbin masu karɓa, manhajar ta cike sauran. Sakataren makaranta, alal misali, zai iya zuba malamai 40 cikin rukuni mai suna "Malamai", iyayen yara cikin wani, 'yan kwamitin jarrabawa cikin na uku. Ranar da za a kira taro, kalma ɗaya ta wadatar. Kusan duk manyan manhajojin imel suna da wannan tsari, irin su Gmail da Outlook da Thunderbird da manhajar adireshi ta Apple, sai dai kowace da sunan da ta raɗa masa.

Asali

Buƙatar ta taso tun imel yana jariri. A 1971 ne Ray Tomlinson ya aika saƙon farko tsakanin kwamfutoci biyu a kan ARPANET, kakar intanet ta yau, kuma shi ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da na na'ura. Shekara bakwai bayan haka, a watan Mayun 1978, wani ɗan talla na kamfanin DEC mai suna Gary Thuerk ya tura wa mutum kusan 400 tallar sabuwar kwamfuta. Da hannu aka buga adireshin duka, suka yi wa gurbin yawa, har wasu suka malala cikin jikin saƙon. Wannan saƙo ake ɗauka a matsayin saƙon talla na farko da aka tura wa jama'a ba tare da sun nema ba, kuma ya sha tofin Allah tsine daga masu karɓa.

Ƙa'idar rubuta imel da aka fitar a 1982, mai lamba RFC 822, ta tanadi yadda za a rubuta rukuni a kan saƙo: suna, sai ɗigo biyu, sai adireshin a jere da waƙafi tsakaninsu, a rufe da waƙafi mai ɗigo. Har yau tsarin yana nan. Wanda ya taɓa samun saƙo ya ga an rubuta "undisclosed-recipients:;" a wurin masu karɓa, to rukuni ne ya gani, amma wanda aka bari fanko don a ɓoye waɗanda aka aika wa.

Iri biyu da ake yawan rikitawa

Na farko shi ne rukunin da mutum ya haɗa a littafin adireshinsa. Wannan nasa ne shi kaɗai, ba shi da adireshi na kansa, kuma ba wanda zai iya aika saƙo zuwa gare shi daga waje. A lokacin aikawa manhajar takan warware sunan ta mayar da shi adireshi ɗaiɗai, kamar dai mai aikawar ne ya zauna ya rubuta su. Daga nan abubuwa biyu suke biyowa baya, kuma su ne tushen yawancin matsalolin da ake samu. Rukunin ba ya ɓoye kowa: idan aka sa shi a gurbin To (masu karɓa) ko Cc (masu samun kwafi), kowane mai karɓa zai ga adireshin sauran. Sannan ba ya gyara kansa: idan malami ya bar aiki, zai ci gaba da samun takardun makaranta har ranar da sakatare ya tuna ya cire shi. Idan kuma mataimakin shugaba yana da nasa rukunin "Malamai", wannan wani jeri ne daban, mai yiwuwa sunayen cikinsu ba su ma yi daidai ba.

Na biyu yana zaune ne a sabar ta ma'aikata, wato babbar kwamfutar da ke karɓar saƙonni tana rarraba su, kuma yana da adireshi na gaske, kamar malamai@example.com. Saƙo ɗaya ake turawa can, sabar ta rarraba. Tsofaffin na'urorin Unix suna yin haka ta wani fayil na laƙabobi, yau kuma Microsoft Exchange da Google Workspace ne suka fi shahara da shi. Jami'in kula da kwamfutoci, ko wanda aka naɗa mai rukunin, shi ke ƙarawa da cirewa, kuma gyara ɗaya ya shafi kowa. Ana iya ƙayyade wanda ke da izinin aikawa, ana iya sa sai wani ya duba saƙo kafin ya wuce. Exchange ma yana da nau'in da ba a rubuta sunaye a cikinsa sam, sharaɗi ake gindaya masa, kamar "duk wanda ke sashen kuɗi", sai sabar ta tattaro mutanen da kanta. Ga ofis mai ma'aikata da yawa, wannan ya fi na farkon nesa ba kusa ba.

Yadda ake haɗawa

Aikin ba shi da wuya. A Google, ana buɗe manhajar Contacts, a zaɓi mutanen, a manna musu lakabi ɗaya. Sunan lakabin ne zai fito idan aka fara rubuta shi a Gmail. Mutum ɗaya zai iya ɗaukar lakabi da dama, kuma goge lakabi ba dole ya goge mutanen ba. A Outlook ana shiga sashen mutane, a buɗe sabon rukuni, a ba shi suna, a ɗebo mambobi daga littafin adireshi ko a buga sababbi. Mai adireshi ɗaruruwa a teburin Excel zai iya ajiye shi a matsayin fayil na CSV ya shigo da su gaba ɗaya. Fayil na vCard ma yana yin wannan aiki. Wani abin lura ga masu tsohon Outlook na kwamfuta: rukuni yakan riƙe kwafin adireshin ne, don haka idan aka canza adireshin mutum a katinsa, sai an sabunta rukunin kafin sabon ya shiga.

Inda ake yin tuntuɓe

Kuskuren da ya fi tsada shi ne sa rukuni a To maimakon Bcc, gurbin da ke aika kwafi ba tare da masu karɓa sun ga juna ba. A watan Satumban 2015 wani asibitin kula da masu ɗauke da cutar HIV a Landan, mai suna 56 Dean Street, ya aika wasiƙar labarai ga mutum kusan 780, adireshin kowa a fili, da yawa kuma ɗauke da cikakken sunan mai shi. A 2016 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci tarar hukumar asibitin fam 180,000. Ba kutse aka yi ba, ba kuma na'ura ce ta lalace ba. Gurbi ɗaya aka kuskure. Shi ya sa masana ke ganin ko Bcc ɗin ma bai isa abin dogaro ba idan jerin sunayen kansa sirri ne, tunda mantuwa ɗaya ta isa ta tona asiri. Gara a yi amfani da manhajar da ke aika wa kowa nasa saƙon daban.

Sai kuma guguwar "amsa wa kowa". A 1997 wani ma'aikacin Microsoft ya tsinci kansa a rukuni mai suna Bedlam DL3, mai mutum kusan 13,000, ya rubuta yana neman a cire shi. Wasu suka amsa wa kowa da cewa su ma a cire su, wasu suka amsa wa kowa suna roƙon a daina amsa wa kowa. Saƙonni suka kai miliyoyi, sabar kamfanin ta durƙushe. Irin haka ta faru da hukumar lafiya ta Ingila a Nuwamban 2016, lokacin da saƙon gwaji ya isa ga ma'aikata sama da 800,000. A 2020 Microsoft ya sa wa Exchange na intanet birki: a tsarin wancan lokacin, idan aka yi amsa wa kowa sau 10 cikin minti 60 ga mutum sama da 5,000, sai a toshe zaren saƙonnin na ɗan lokaci.

Iyaka da doka

Kamfanonin imel ba sa barin a aika yadda aka ga dama. Asusun Gmail na kyauta yana tsayawa ne a masu karɓa 500 a rana, na Workspace mai biyan kuɗi kuma saƙo 2,000; wanda ya zarce, sai a hana shi aikawa har zuwa kwana ɗaya. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka ƙara tsaurara wa manyan masu aikawa: wanda ke tura saƙo 5,000 a rana zuwa Gmail dole ya tabbatar da sunan yankinsa, wato ɓangaren adireshi da ke bayan alamar @, ta hanyoyin tantancewa na SPF da DKIM da DMARC, ya kuma sa maɓallin ficewa a saƙonnin talla.

Ta fuskar doka, adireshin imel na mutum bayanin sirri ne. Amurka tana da dokar CAN-SPAM ta 2003, Tarayyar Turai tana da GDPR da ta fara aiki a 2018, Najeriya kuma ta kafa Dokar Kare Bayanai a 2023. Ɗebo adireshin mutane daga takardar halartar taro a zuba su cikin rukunin talla, ba da saninsu ba, yana iya saɓa wa irin waɗannan dokoki.

Kula da rukuni

Rukuni yakan tsufa da sauri: mutane suna sauya aiki, ɗalibai suna kammala karatu, asusu yana mutuwa. Saƙon da ya dawo da cewa ba a sami mai adireshin ba alama ce ta a cire shi, domin yawan aikawa ga matattun adireshi yana sa sabar wasu ta fara jefa saƙonnin mai aikawar cikin kwandon saƙonnin banza. Suna ma yana da muhimmanci. "Malamai" da "Malamai da Iyaye" suna farawa da haruffa ɗaya, manhaja kuma takan kawo duka biyun da zarar an fara rubutawa, sai hannu ya danna wanda ba shi ba. Ma'aikatu da yawa suna sa shekara ko sashe a gaban sunan don kauce wa haka. Mai shirin ƙaura daga wata manhaja zuwa wata kuma ya duba da kyau, don fitar da adireshi daga Outlook zuwa CSV yana kwashe mutanen ne ya bar rukunonin, sai an sake haɗa su a sabon wurin.