Digirin aikin jarida: kuɗin da yake ci da abin da yake mayarwa

Har yanzu kwas ɗaya ne ake kira Mass Comm, wato karatun aikin jarida da sadarwa?

A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta raba shi gida bakwai: aikin jarida, shirye-shiryen rediyo da talabijin, hulɗa da jama'a, talla, fim, sadarwa don ci gaban al'umma, da nazarin bayanai da kafofin yaɗa labarai. Ba kowace jami'a ce ta buɗe duka ba, wasu ma suna kan tsohon tsarin. Duba kundin JAMB kafin ka cike fom, domin kasuwar waɗannan rassa ba ɗaya ba ce.

Nawa karatun zai ci?

Shekara 4 ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, 3 ga mai difloma da ya fara daga aji biyu. Kuɗin rajista shi iyaye suka fi kallo, alhali a jami'ar gwamnati sau da yawa shi ne ƙaramin kaso, duk da ƙarin da jami'o'in tarayya da dama suka yi a 2023. Masauki da abinci da kuɗin mota su ne ke cinye aljihu a hankali.

Sai kayan aiki, waɗanda ba a rubuta su a takardar shiga makaranta. Kana buƙatar kwamfutar cinya mai RAM aƙalla gigabayit 8, in ba haka ba manhajar tace bidiyo za ta riƙa sandarewa ana tsakiyar aiki. Kana buƙatar waya mai kyamara mai kyau, da ƙaramar makirfon ɗin da ake maƙalawa a wuyan riga, da data. Situdiyon sashe yana nan, amma idan ɗalibai sun yi wa kyamarori yawa, mutum na iya gama zango bai riƙe ɗaya ba. Watannin sanin makamar aiki kuma galibi ba albashi, kai za ka kai kanka tashar kullum.

Ka sa lokaci ma a lissafi. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya ɗauki wata 8, na 2020 kusan wata 9, kuma mai gidan haya bai san da yajin aiki ba.

Bashin NELFUND fa, a karɓa?

Bashin karatu ne daga asusun gwamnatin tarayya, an sa hannu a dokarsa a 2024, kuma ɗaliban makarantun gwamnati ake ba. Babu kuɗin ruwa a kansa. Ana fara biya shekara 2 bayan gama bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi. A ce ka ci naira 800,000. Idan albashinka 70,000 ne, wato mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024, za a riƙa cire 7,000 duk wata, ka kwashe shekara 9 da rabi kana biya. Mai ɗaukar 200,000 zai gama cikin wata 40. Bashin iri ɗaya ne, inda ka samu aiki ne ya bambanta.

To ina albashin yake da kauri?

Nan ne ake yawan yaudarar kai. Ɗalibi ya taso yana jin muryoyin BBC Hausa da DW da RFI, sai ya ɗauka can zai sauka. Suna biya da kyau, amma guraben kaɗan ne, kuma sun fi ɗaukar wanda ya riga ya goge a wata tashar. Ba su da tabbas na har abada: a Maris 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin ma'aikatan Muryar Amurka, sashen Hausa ma abin bai bar shi ba.

Yawancin sababbi a tashoshin FM masu zaman kansu suke farawa. Albashin can siriri ne, a wasu wuraren yakan yi jinkiri, wasu kuma sai a haɗa ka da nemo talla a ba ka kamasho. Daga nan ake faɗawa karɓar "na goro" a wurin taro, wanda ke zubar da mutuncin ɗan jarida tun bai yi suna ba. Gidajen gwamnati irin su NTA da Rediyon Tarayya Kaduna suna ɗaukar mai digiri a matakin albashi na 8: kuɗin ba yawa, amma akwai fansho.

Inda aka fi samu shi ne hulɗa da jama'a a bankuna da kamfanonin sadarwa, da kamfanonin talla, da jami'in sadarwa a ƙungiyoyin agaji. Sai dai akwai ƙarin kashe kuɗi, domin doka ta ce mai aikin hulɗa da jama'a ya yi rajista da cibiyar masu wannan sana'a, NIPR, mai talla kuma da hukumar kula da harkar talla, ARCON. Yawancin manyan kamfanonin talla a Legas suke, sai ka shirya barin gida.

Difloma ba ta isa ba?

Ga mai son riƙe kyamara ko haɗa shiri, tana isa a fara. Kaduna Polytechnic tana koyar da fannin, haka Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Jos. Shekara 2 ka samu ƙaramar difloma, ND, ka fara aiki, daga baya ka ɗora. Digiri ya fi amfani ga mai hangen koyarwa a jami'a ko ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, inda ake tace takardu kafin a ga fuska.

Me ke sa wasu su gama su rasa aiki?

Sun fito da takarda ba su da abin nunawa. Edita zai miƙo maka sanarwar Turanci mai shafi 2 ya ce ka mayar da ita labarin Hausa na daƙiƙa 45, ko ya ba ka hirar minti 20 ka ciro murya mai ma'ana. A nan ake gane wanda ya yi aiki a rediyon jami'a da wanda ya haddace littafi kawai. Kafin ka gama aji uku, ka tara rahotanni kamar 10 da aka buga ko aka watsa da sunanka, ka iya manhajar tace sauti ɗaya da ta bidiyo ɗaya, ka kuma koyi rubuta Hausa da ƙa'idarta, har da ɓ da ɗ da ƙ a madannin kwamfuta.